Kwana Saba'in Da Ɗaya

Shafi na 9

Masu cika mini waya da tambayar ko na hau benen ko na gudu, ku yi haƙuri, aski ya yi yawa makon nan. Wanda yau ya fara karantawa kuma, sunana Bushaib, mai aski ne ni a unguwar Darb Sultan cikin birnin Kaza. Mun tsaya ne a washegarin ƙaramar Sallah, ina tsaye a gindin wani bene da ke saman gidan burodi, da 'yar takarda a hannuna mai ɗauke da kwatance da ƙarfe biyu.

Matakala ashirin da biyu ne. Na san adadinsu domin sau biyu ina kaiwa ta goma sha ɗaya, daidai rabi, ina juyowa.

Kun san al'adarmu. Duk mai sha a unguwarmu, in dai da sauran kunya a idonsa, yakan ajiye kwalba idan ya rage kwana arba'in a fara azumi, saboda tun muna yara aka gaya mana sallar mashayi sai ta yi arba'in ba ta karɓu ba. A ɗora azumi, a ɗora ranar idi, kwana saba'in muke ce masa, ko wata ya cika talatin ko bai cika ba. Shekara goma sha tara ina yin haka ban taɓa kuskuren yini ɗaya ba, kuma da shi nake rufe bakin kowa. Duk wanda ya kira ni mashayi sai in ce ya nuna mini mashayin da ke iya saba'in.

Matata Turiya ba ta taɓa yi mini musu a kan wannan ba. Abin da take yi kawai, duk washegarin Sallah ta haɗa 'yar jakarta ta tafi garin Sattat wajen mahaifiyarta, sai abin ya lafa ta dawo. Bana 'yarmu Ikram ta yi aure, ba sauran wanda za ta dawo dominsa. Da safen nan na fito na ga keken ɗinkinta a zaure, an sa shi a kwali an ɗaure da igiya. A shekara goma sha tara bai taɓa motsawa daga gindin taga ba. Na tambaye ta, ta ce jirgin ƙasa na ƙarfe shida za ta shiga, ba ta ƙara komai ba.

Ina shirin juyowa karo na uku ke nan na ji ana haki a bayana. Si Mubarak ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, mutumin da ya ba ni takardar, ya ce taron masu son daina sha ne. Kansa tal yake kamar ƙwai, amma duk Juma'ar azumi sai ya zo shagona ya zauna ya ce a gyara masa. Ni kuwa in yi ta kaɗa almakashi a iska, shi yana ba ni labarin yadda ya sha gidansa da aikinsa ya kusa haɗawa da ransa. Na ɗauka tsufa ne ya sa shi surutu.

Bai ce mini sannu da zuwa ba, bai nuna ya yi mamaki ba. Butar shayi ya miƙo mini, cike take da ruwan zafi.

“Riƙe mini wannan, ɗana, gwiwata ba ta son bene.”

Ta yaya mutum zai gudu da butar mutane? Haka na hau.

Ɗaki ne ɗan ƙarami, ƙasan da ɗumi saboda tandar burodin da ke ƙarƙashi. Kujerun roba a zagaye, mutum tara, ga farantin kayan zaƙin Sallah da kowa ya kwaso ragowar na gidansa. Na zaci zan tarar da irin mutanen da ke kwana a bakin tasha. Sai ga wani da rigar kwat, ga direban bas, ga wata mata mai tabarau da ta ce sunanta Nuzha, kana ganinta ka ga malamar makaranta. Na sunkuyar da kai domin kunyarta, ita kuwa ko a jikinta, ta tura mini kujera da ƙafa.

Aka karanta ƙa'ida. Sunan farko kawai ake faɗa, ba a katse mai magana, abin da aka ji a ɗakin a ɗakin yake zama. Wannan ta ƙarshen ce ta fi ba ni tsoro, kun dai san bakin mai aski. Ko wannan da nake rubuta muku sai da na nemi izininsu, na kuma sauya sunaye.

Suka yi ta magana ɗaya bayan ɗaya. Direban ya ce jiya ya je gaisuwar Sallah gidan surukansa, karo na farko da ba a ɓoye yara ba da ya shigo. Mai kwat ya ce kwanansa tara, kuma daren jiya da ƙyar ya kai safiya. Babu wanda ya yi masa wa'azi, na gode kawai suka ce masa. A raina na ce kwana tara, Allah sarki, ashe ni malami ne a nan.

Da layi ya zo kaina na gyara zama.

“Sunana Bushaib. Ni gaskiya rakiya na yi wa buta. Amma kwanana saba'in ban sha ba.”

Na jira a jinjina mini. Nuzha ta cire tabaranta tana gogewa, na ga kafaɗunta suna motsi. Direban ya kalli silin. Si Mubarak ya zuba mini shayi daga sama har ya yi kumfa, sa'annan ya nemi izini ya yi mini tambaya, ya ce in ban so ba kada in amsa.

“Sau nawa ka yi saba'in ɗin nan?”

“Sau goma sha tara,” na ce, har da ɗaga murya.

“Ma sha Allah. Saba'in da ɗaya fa?”

Na buɗe baki. Na duba shekarun nan kaf, ɗaya bayan ɗaya, har da shekarar da aka yi mini aikin ciki, har da shekarar da mahaifina ya rasu. Ban sami ko ɗaya ba.

“Ina ka ajiye ta?” in ji Nuzha.

“Wa?”

“Wadda ka saya ranar da za ka daina.”

Babu mahalukin da na taɓa gaya wa. Kowace shekara, ranar ƙarshe kafin arba'in, nakan sayi kwalba biyu ta mahya, giyar ɓaure mai kama da ruwan famfo. In sha ɗaya ta bankwana, in ɓoye ɗaya ta buɗe baki.

Kafin in yi ƙarya direban ya ce shi a cikin safayar tayar bas ɗinsa yake sa tasa. Mai kwat ya ce a tankin ruwan ban ɗaki. Nuzha ta ce a tukunyar turara kuskus, domin mijinta ko gidan na cin wuta ba zai buɗe tukunya ba. Ɗakin ya kaure da dariya, irin dariyar mutanen da suka yi makaranta ɗaya. Ashe duk 'yan saba'in ne, ko sun taɓa zama.

“Bayan tawul-tawul,” na ce. “A shago.”

Na fara dariya tare da su, ban san lokacin da ta juye ba. Mutum mai shekara hamsin da biyu, mai gashin baki, yana kuka a gaban mace da baƙi. Ba wanda ya dafa ni, ba wanda ya ce in yi shiru. Nuzha ta turo kwalin takardar goge hanci da ƙafa, kamar yadda ta turo kujerar. Na gaya musu zancen keken ɗinki da igiya da jirgin ƙarfe shida. Na gaya musu tun sallar idi nake jin ƙanshin kwalbar nan a hancina alhali tana rufe.

Da na lafa na tambayi Si Mubarak ko ke nan saba'in ɗina banza ce.

“Taka ce, ba mai ƙwace maka ita. Amma azumi ne ya riƙe maka hannu. Yau ya sake ka. Yau ce ranar farko da za mu ga kai da kanka.”

Na tambaye su abin da zan yi da kwalbar. Suka ce a nan ba a ba da umarni, kowa abin da ya yi kawai yake faɗa. Aka tashi da addu'a gajeriya. Si Mubarak ya karɓi takardar hannuna ya rubuta lambarsa a bayanta, ya ce ko ƙarfe nawa ne in kira kafin in sha, ba bayan na sha ba, domin bayan sha ba shi da abin da zai gaya mini sai sannu. Ya ce in ina son rakiya zuwa shago, gwiwar tana ciwo amma tana tafiya.

Muka taka a hankali. Unguwa duk yara da sababbin kaya, shaguna a rufe. Muna shan kwana na hango ƙofar shagona a ɗage rabi. Mutum biyu ne ke da mabuɗin nan a duniya.

Turiya tana zaune a kujerar aski, da jallabarta ta tafiya, jaka a cinya. Kwalbar kuwa tana tsaye a gaban madubi tsakanin hoda da reza, ta zama biyu.

Ba ni ta fara kalla ba.

“Si Mubarak, barka da Sallah. Ya gwiwar? Ya uwargida Lalla Rakiya?”

“Tana gaishe ki, 'yata.”

Na kalle shi, na kalle ta. Tsohon nan ya shafa sanƙonsa, ya ce shi ya tuna ya bar kofuna ba a wanke ba. Mutumin da ya yi ta kukan gwiwa, sai ga shi ya bar layin da sauri kamar mai bin bas.

“A ina kika san shi?”

“Kai a tunaninka me ke kawo mai sanƙo wajen aski duk Juma'a?”

Na zauna a bencin masu jira.

Ta gaya mini komai ba tare da ta ɗaga murya ba. Wannan ɗakin na saman gidan burodi, ranar Alhamis na iyalai ne, matan mashaya da iyayensu da 'ya'yansu. Shekara biyu tana zuwa. Ni kuwa na ɗauka gidan wankan mata na unguwa take tafiya, har ina yi mata tsiya ina cewa na auri macen da ta fi kowa tsabta a Kaza. A can ta haɗu da matar Si Mubarak. Ta ce ba ta roƙe shi ya kawo ni ba, sunan shagon kawai ta faɗa.

Maimakon in ji kunya sai na ji haushi, kun san halin mai laifi.

“Wato kin kwashe sirrin gidana kin kai wa mutane.”

“Wane sirri, Bushaib? Wanda maƙwabta suke ɗaukowa daga bakin ƙofa su shigo mini da shi?”

Na juya wajen madubi.

“Ita wannan fa,” na nuna kwalbar, “yaushe kika gan ta?”

“Ta bana, ko ta wace shekara?”

Ta ce duk shekara, ranar da na shigo gida ina shelar na daina, washegari takan ɗauki mabuɗi idan na tafi masallaci, ta zo ta ɗaga tawul. Addu'arta ɗaya, Allah Ya sa ta tarar da wurin babu komai. Sau ɗaya ta fasa ta, na zaci ɓera ne ya ture, na sayo wata a ɓoye. Sau ɗaya ta juye ta cika da ruwa, ranar na farfasa mata kofunan aurenta. Daga nan ta daina taɓawa, sai dai ta duba ta mayar da tawul.

“Kai kana ƙirga kwanakin da ka daina, ni ina ƙirga kwanakin da suka rage mini. Ban taɓa cin Sallah da daɗi ba. Ina soya kayan zaƙi ina jin kamar gobe za a kai ni asibiti.”

Wannan maganar ta fi mari zafi. Shekara goma sha tara ina taƙama da saba'in ɗina, ban taɓa tambayar kaina yadda take a wajenta ba.

“Me ya sa yau kika fito da ita?”

“Na gaji da yin kamar ban sani ba. Na ce kafin in tafi ku gaisa a gabana.”

Na tashi na ɗauki kwalbar. Ba zan yi muku ƙarya ba, da na murɗe murfin ƙanshin ya bugi hancina, yawu ya cika mini baki, hannuna ya tsaya a tsakiyar hanya, bai san ko sama zai yi ko ƙasa ba. A madubi na ga Turiya ta kawar da kai, ta ƙura wa bango ido. Ba ta roƙe ni ba, ba ta ce don Allah ba.

Na kifa ta a kwamin wanke kai. Ta yi ta ɓulɓul tana tafiya, na buɗe famfo a kanta. Na ji baƙin ciki kamar na raka aboki maƙabarta, na kuma ji wani sauƙi a ƙirjina da rabona da shi tun ina saurayi. Duka biyun na ji, lokaci guda.

Na juyo ina jiran ta ajiye jakar. Ta duba agogo ta miƙe.

“Biyar da kwata. Bari in kama hanya.”

“Turiya, ba ki ga abin da na yi ba?”

“Na gani. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi.” Ta rataya jakar a kafaɗa. “Amma a can aka koya mini ni ba mai gadinka ba ce. In na zauna yau, domin idona za ka haƙura, kamar yadda kake haƙura domin azumi. Ranar da na je kasuwa fa?”

Na ce to keken fa, taksi ba zai ɗauke shi da sauƙi ba, in je in ɗauko mata. A gaskiya so nake in ji abin da za ta ce.

Ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara ɗankwali, ta daɗe tana gyarawa.

“Yana zaure. Nauyi gare shi, ba yau ba.”

“In mayar da shi gindin taga?”

“Kada ka taɓa igiyar. Ni na ɗaure, ni zan kwance in na ga abin kwancewa.”

Na raka ta bakin titi na tsayar mata da jan taksi. Na ce in bi ta tasha, ta ce a'a, ta san gidajen giyar da ke layin tasha. Har ta shiga ta sauke gilashi ta ce akwai miyar harira a firji, in ɗumama, kada in ci da sanyi kamar maraya. Ta tambaye ni gobe ƙarfe nawa ne zaman. Na ce biyu. Ta ce ta sani, so take ta ji ko na sani.

Na dawo shago ina jin kaina wani iri, rabi marar gida rabi ango. Na wanke kwamin da sabulu sau biyu, na fesa turaren aski. Na shimfiɗa takardar Si Mubarak a gaban madubi inda kwalbar ta tsaya. Saura awa biyu rana ta faɗi. In na kai magariba na kai isha, in na kai isha na kwanta, na yi abin da ban taɓa yi ba. Na ɗauki tsintsiya domin hannuna ya sami abin yi.

Sai ƙofa ta yi duhu.

“Maigida, a buɗe baki ko sai an ga wata?”

Na manta da Azzuz. Wallahi na manta da shi ɗungurungum. Azzuz makanike, abokina tun muna buga ƙwallon tsumma, wanda duk washegarin Sallah yake zuwa da tasa kwalbar in fito da tawa, mu ja ƙofa. Ya shigo da sabuwar jallaba fara, da ƙunshi a hammata. Ya sumbace ni a kumatu biyu, ya janyo ƙofar ƙasa da ƙafarsa, ya zauna a kujerar da Turiya ta tashi. Ya kwance ƙunshin ya ajiye kwalbar a kan takardar Si Mubarak.

“Ina amaryarka? Fito da ita ta gaisa da 'yar'uwarta.”

“Na zubar.”

Ya yi dariya. Ya ga ban yi ba, ya shinshina iska, ya kalli kwamin, ya kalle ni kamar na ce masa na yanka ɗana.

“To ai ba komai, tawa ta ishe mu. Kawo kofuna.”

Ya murɗe murfin. Ƙanshin nan ya sake tashi, sabo, ya fi na ɗazu ƙarfi, kuma yanzu babu Turiya a madubi. Kofunan suna nan a inda suke kullum, taku ɗaya daga inda nake tsaye. Na yi takun. Na miƙa hannu, na wuce kofunan, na zare takardar daga ƙarƙashin kwalbar. Gindinta ya bar zagayen danshi a kan lambar, amma tana karantuwa. Na danna lambar a wayata, na kara a kunne.

Azzuz ya leƙo ya ga kwatancen da ke ɗaya gefen. Dariyar ta bar fuskarsa.

“Saman gidan burodi?”

“Ka san wurin?”

Ya kalli murfin da ke hannunsa.

“Matakala ashirin da biyu,” ya ce a hankali. “Bara na kai ta goma sha biyar.”

Wayar tana ta ƙara a kunnena. Kwalbar tana buɗe a tsakaninmu, murfin yana hannun Azzuz, bai rufe ba, bai kuma zuba ba.

Sai na ji an ɗauka.